Little Caesar: Fim ɗin 'yan daba na 1931 da ya sa Amurka ta bar jaki tana dukan taiki

A ranar 9 ga Janairu, 1931, gidan sinima na Strand da ke birnin New York ya fara haska wani fim mai suna Little Caesar, wato Ƙaramin Kaisar. Tsawonsa bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma labarinsa a miƙe yake: wani ƙaramin ɗan fashi ya shiga babban birni da bindiga a aljihu, ya taka kawunan waɗanda ya tarar har ya zama shugaba, sannan ya faɗo warwas ya mutu a bayan allon talla. Amma cikin shekara uku da rabi da fitowarsa, wannan fim da waɗanda suka biyo sahunsa sun jawo taƙaddamar da ta haɗa shugabannin coci, malaman jami'a, 'yan siyasa da masu kamfanonin Hollywood, taƙaddamar da ta ƙare da tsarin tace fina-finai mafi tsanani a tarihin ƙasar.

Tambayar da aka yi ta jayayya a kanta ita ce: shin fim ne ke haifar da ɗan daba, ko kuwa ɗan daba ne ya haifi fim? Amsar da masu iko suka zaɓa a lokacin, da abin da suka kawar da kai daga gare shi, su ne suka sa har yau fim ɗin bai zama tsohon zance ba.

Labarin a taƙaice

Kamfanin Warner Bros. ne ya shirya fim ɗin ta hannun reshensa na First National, Mervyn LeRoy ya ba da umarni, kuma an ɗauko labarin daga littafin da W. R. Burnett ya wallafa a 1929. Burnett ɗan jihar Ohio ne da ya koma Shikago ya kama aikin dare a wani otal, inda ya riƙa jin yadda mutanen titi ke magana, ya kwashe salon ya zuba a littafinsa.

Jarumin labarin shi ne Caesar Enrico Bandello, wanda ake kira Rico. Bayan ya yi fashi a wani gidan mai tare da amininsa Joe Massara, sai ya ci karo da labarin wani ƙasurgumin ɗan daba, Diamond Pete Montana, a shafin jarida. Nan take ya ƙudura cewa shi ma sai sunansa ya fito a jarida. Su biyun suka nufi babban birni, wanda duk mai kallo ya san Shikago ake nufi. Joe ya kama sana'ar rawa a wani gidan shaƙatawa, ya faɗa soyayyar abokiyar rawarsa Olga. Rico kuwa ya shiga dabar wani mai suna Sam Vettori.

A daren sabuwar shekara dabar ta yi fashi a gidan rawar da Joe ke aiki, inda Rico ya bindige McClure, shugaban hukumar yaƙi da miyagun laifuka ta birnin. Da direbansu Tony ya karaya ya nufi coci don ya amayar da cikinsa, Rico ya harbe shi a kan matakalar cocin. Daga nan ya ture Vettori, ya kori abokin hamayyarsa Arnie Lorch daga gari, har babban ubangidan birnin, wanda ba a taɓa ambaton sunansa na yanka ba sai laƙabin Big Boy, ya kira shi ya damƙa masa arewacin birnin.

Faɗuwarsa ta zo ta inda bai zata ba. Ya je kashe Joe don kada ya tona masa asiri, amma ya kasa ɗana kunamar bindiga a kan amininsa. 'Yan sanda suka tarwatsa dabar, Rico ya ɓuya, ya ƙare a ɗakin kwanan marasa galihu yana shan barasar da a da ba ya ko kusantarta. Saja Flaherty, wanda ya san lagonsa, ya sa jaridu suka buga cewa Rico matsoraci ne. Girman kai ya hana shi haɗiye wannan, ya ɗaga waya ya kira ofishin 'yan sanda yana cika baki, su kuma suka bi diddigin kiran. Suka buɗe masa wuta a bayan wani allon talla mai ɗauke da hoton Joe da Olga, ya mutu yana tambayar ko ƙarshensa ke nan.

Abin da murya ta kawo

Fim ɗin 'yan daba ya girmi sauti. A 1927 Josef von Sternberg ya yi Underworld, wanda tsohon ɗan jaridar Shikago Ben Hecht ya rubuta labarinsa har ya ci kyautar Oscar. Sai dai a irin waɗannan fina-finai marasa sauti, bindiga hayaƙi kawai take fitarwa, kuma barazanar ɗan daba rubutu ce da ake karantawa a allo.

Warner Bros. ne ya sauya wannan. A Oktoban 1927 ya fitar da The Jazz Singer, mai ɗauke da waƙoƙi da 'yan maganganu kaɗan, ta hanyar fasahar Vitaphone da ke ɗaukar sauti a faifai a kunna shi daidai da hoto. A Yulin 1928 ya fitar da Lights of New York, dogon fim na farko da aka yi magana a cikinsa daga farko har ƙarshe, kuma labarin masu fasa-ƙwaurin barasa ne. An kashe kusan dala 23,000 a kansa, ya dawo da sama da dala miliyan ɗaya. Ke nan tun ranar da fim ya buɗe baki sosai, da harshen 'yan daba ya fara magana.

Amma Lights of New York a sandare yake. Na'urar ɗaukar murya ta wancan lokaci ba ta jin nesa, don haka akan ɓoye ta a cikin kayan da ke kan tebur, 'yan wasa su kewaye ta suna furta kalma ɗaya-ɗaya kamar masu koyon karatu. Kyamara kuwa, saboda ƙararta, akan kulle ta a wani akwati mai gilashi da ba ya motsi. Kafin ƙarshen 1930, lokacin da aka ɗauki Little Caesar, masu fasaha sun fara shawo kan waɗannan matsaloli: ana rataye na'urar a kan dogon sanda tana bin ɗan wasa, ana kuma lulluɓe kyamara don a kashe ƙararta.

LeRoy ya yi amfani da wannan dama tun daga fitowar farko. Mai kallo yana hango gidan mai daga nesa cikin dare, mota ta tsaya, fitilu suka mutu, sai ƙarar harbi. Ba a nuna gawa ba, ba a nuna jini ba, kunne ne ya isar da saƙon. Haka jiniyar motar 'yan sanda, ƙugin taya, ƙararrawar waya da ɓarin wutar mashinga suka zama kayan aikin irin wannan fim har zuwa yau.

Duk da haka, babban abin da sauti ya bayar shi ne muryar Edward G. Robinson. Gajere ne, mai faɗin fuska, yana magana da sauri ta hanci, yana kiran kansa da sunansa kamar yana maganar wani. Mutanen da suka saba jin turancin 'yan boko a dandamalin wasan kwaikwayo, sai ga shi suna jin harshen unguwannin baƙin haure daga bakin jarumi. Shi kansa Robinson baƙon haure ne. Sunansa na asali Emanuel Goldenberg, Bayahude ne da aka haifa a Bukares ta ƙasar Rumaniya a 1893, iyalinsa suka yi hijira zuwa New York yana yaro. Mutum ne mai son karatu da zane-zane, wanda bindiga ba ta dame shi ba, har ana ba da labarin cewa sai da aka manne masa fatar ido saboda yana ƙyaftawa duk lokacin da ya yi harbi.

Shikago ta gaske

Masu kallo na 1931 ba su ɗauki fim ɗin a matsayin tatsuniya ba, domin kullum suna karanta irinsa a jarida. Tun Janairun 1920 gyara na 18 ga kundin tsarin mulkin Amurka ya fara aiki, wanda ya haramta sarrafa barasa, safararta da sayar da ita a faɗin ƙasar. Masu fafutukar dokar sun yi ta ne da kyakkyawar niyya, suna fatan rage talauci, dukan mata da lalacewar iyali. Sai dai miliyoyin mutane ba su daina sha ba, kuma gwamnati ba ta tanadi isassun jami'ai ko isasshen albashin da zai sa su kawar da kai daga cin hanci ba. Kasuwar da ke hannun 'yan kasuwa masu biyan haraji ta koma hannun masu bindiga.

Al Capone, ɗan baƙin haure daga Italiya da aka haifa a Brooklyn a 1899, ya gaji dabar Johnny Torrio a Shikago a 1925. Ranar 14 ga Fabrairu, 1929, aka jera mutum bakwai na ɓangaren abokan gabarsa a jikin bangon wani garejin mota aka bindige su, wasu daga cikin maharan sanye da kayan 'yan sanda. Ba a taɓa hukunta kowa kan wannan kisa ba.

Abin da ya ba irin su Capone ƙarfi ya wuce bindiga. Tun a 1920, lokacin jana'izar Big Jim Colosimo, ubangidan Torrio, alƙalai, kansiloli da 'yan majalisa suna cikin waɗanda aka lissafa don rakiyar gawa. A 1927 William Hale Thompson, wanda ake kira Big Bill, ya sake lashe kujerar magajin garin Shikago bayan ya yi alkawarin sakar wa mashaya mara, kuma an daɗe ana ba da rahoton cewa kuɗin Capone sun shiga yaƙin neman zaɓensa. A Afrilun 1928 aka yi zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Republican wanda tarihi ya laƙaba wa suna zaɓen abarba, saboda abarba ce sunan da 'yan daba ke kiran gurneti. An tayar da bama-bamai da dama kafin zaɓen, ciki har da wanda aka jefa gidan Sanata Charles Deneen, sannan a ranar zaɓen aka bi wani lauya baƙar fata ɗan takara, Octavius Granady, aka harbe shi. 'Yan daba su ne 'yan bangar siyasa: suna tsare akwati, suna korar masu zaɓe, a saka musu da kariya daga kamu.

Aikin jarida ma bai tsira ba. A Yunin 1930 aka kashe Jake Lingle, wakilin jaridar Chicago Tribune mai ɗauko labaran 'yan sanda. Da farko an yi masa makoki a matsayin gwarzon da ya mutu a bakin aiki. Ba a jima ba ta bayyana cewa yana rayuwar da ta fi ƙarfin albashinsa nesa ba kusa ba, kuma dillali ne tsakanin 'yan daba da manyan 'yan sanda.

A kan wannan duka sai ga karyewar kasuwar hannayen jari a Oktoban 1929. Wata guda kafin a haska Little Caesar, wani babban banki a New York mai suna Bank of United States, wanda yawancin masu ajiyarsa baƙin haure ne da ƙananan 'yan kasuwa, ya durƙushe. Kafin 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar ba shi da aiki. Matashin da aka raine shi a kan cewa haƙuri da aiki tuƙuru su ne tsanin arziki, ya ga mahaifinsa ya yi duka biyun ya tashi a tutar babu. Irin wannan matashi ne ya biya kuɗin tikiti ya zauna yana kallon Rico.

Wanda ke saman tsani

Abin lura a fim ɗin shi ne, kusan bai taɓo cinikin barasa ba. Rico ba ya sha, mata ba su dame shi ba, kuɗi ma ba su ne gabansa ba. Abin da yake nema shi ne a san da shi, ya ba da umarni a bi. Idonsa kullum yana kan zoben lu'ulu'u da kwat ɗin wanda ke gaba da shi. Da aka shirya masa liyafar karramawa, aka ba shi kyautar agogo wanda daga baya ta bayyana na sata ne, masu ɗaukar hoto na jarida suka zo. Montana, wanda ya san dawan garin, ya kauce wa kyamara. Rico kuwa ya gyara tsayuwa, washegari ya sayi tarin kwafin jaridar. Jarida ce ta cusa masa burin tun farko, ita ce ta kumbura masa kai, kuma ita aka yi amfani da ita aka zaƙulo shi daga maɓoyarsa.

Fitowar da ta fi kowace nauyi a siyasance ita ce ziyararsa gidan Big Boy. Rico ya sa baƙar kwat ta manyan taruka wadda bai saba da ita ba, ya shiga katafaren gida mai barori, yana ɗari-ɗari da kujerun, yana mamakin kuɗin da aka kashe a kan zanen da ke jikin bango. Mai gidan ba ya riƙe bindiga, ba ya ɗaga murya. Shi ne ke raba unguwanni, shi ke ɗaga wannan ya sauke wancan, kuma tun farkon fim shi ne ya aiko da gargaɗi cewa a yi hattara da McClure domin ba ya cikin jami'an da ake iya shawo kansu, maganar da ke nuna cewa sauran a tafin hannunsa suke. Masu sharhi da yawa suna ganin inuwar Big Bill Thompson a jikin wannan hali.

A ƙarshen fim an kama Vettori, an kashe Otero na hannun daman Rico, an kashe Rico. Ba a sake nuna Big Boy ba. Babu ɗan sandan da ya ƙwanƙwasa ƙofarsa. Fim ɗin ya buɗe da wata aya daga Linjilar Matiyu mai gargaɗin masu dogaro da takobi, kuma ya cika wannan gargaɗi a kan duk wanda ya riƙe makami da hannunsa. Wanda ya ɗauke su aiki kuwa yana nan a gidansa, zai nemi wani yaron ya maye gurbin.

Akwai kuma wani ɓangaren da ya jawo ƙorafi tun a lokacin. Kusan duk miyagun fim ɗin sunayen Italiyawa gare su, a ƙasar da dokar shige da fice ta 1924 ta riga ta rage shigowar mutanen kudancin Turai ƙwarai, kuma aka zartar wa Sacco da Vanzetti hukuncin kisa a 1927 bayan shari'ar da duniya ta yi tir da ita. Ƙungiyoyin Amurkawa 'yan asalin Italiya sun koka cewa ana shafa wa al'umma guda kashin kaji, alhali dabobin Shikago sun ƙunshi 'yan asalin Ayalan, Yahudawa, 'yan Folan da sauransu, masu sayen barasar kuma su ne masu faɗa a ji na gari.

Yadda aka juya kan fim

Little Caesar ya yi kasuwa sosai, sauran kamfanoni suka yi caa. A Afrilun 1931 Warner ya fitar da The Public Enemy tare da James Cagney. Howard Hughes ya ɗauki nauyin Scarface, wanda Howard Hawks ya ba da umarni, Paul Muni ya fito a matsayin wani hali da aka gina kan Capone. Fina-finai irin waɗannan gommai ne suka fito cikin ɗan lokaci.

A wancan zamani fim ba shi da kariyar doka irin ta jarida. A 1915 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa fim kasuwanci ne zalla, ba ya cikin abin da 'yancin faɗin albarkacin baki ya rufa wa asiri. Jihohi irin su New York, Pennsylvania, Ohio, Kansas, Maryland da Virginia suna da hukumomin tace fina-finai masu ikon yanke duk abin da suka ga dama. A Shikago kuwa, tun 1907 'yan sanda ne ke da alhakin tacewa, wato rundunar da ake zargi da karɓar kaso daga 'yan daba ita ce ke yanke hukunci kan yadda za a nuna 'yan daba.

Don gudun dokar tarayya, kamfanonin sun kafa ƙungiyarsu a 1922, suka ɗora Will Hays, tsohon shugaban jam'iyyar Republican na ƙasa kuma tsohon minista mai kula da gidan waya, a kanta. A Maris ɗin 1930 suka amince da kundin ƙa'idoji wanda limamin Katolika Daniel Lord da mawallafi Martin Quigley suka tsara. Kundin ya hana nuna laifi ta yadda mai kallo zai tausaya wa mai laifi, ya hana bayyana dabarun aikata shi dalla-dalla, ya kuma hana yi wa doka ba'a. Amma a farkon shekarun babu mai tilasta bin sa, kuma kamfanonin da ke fama da bashi sun ga inda kuɗi suke.

Scarface ne ya fi shan wuya. An riƙe shi watanni, aka ƙara masa taken da ke kiransa abin kunyar ƙasa, aka cusa fitowar da wani mai gidan jarida ke yi wa jama'a huɗuba, aka kuma ɗauki wani ƙarshen daban inda aka rataye jarumin bayan shari'a. Sai a 1932 ya fito.

Masu adawa sun sami makami daga jami'o'i. Tsakanin 1929 da 1932 gidauniyar Payne ta ɗauki nauyin jerin bincike kan tasirin fim a kan yara. Herbert Blumer da Philip Hauser sun tattauna da fursunoni da yaran gidajen gyaran hali, wasu suka ce sun koyi wasu dabaru ko sun ɗauki sha'awar rayuwar ƙarya daga fim. Masu binciken sun nuna cewa tasirin ya danganta da gida da unguwar da yaro ya fito. Sai dai littafin da ya isa hannun jama'a shi ne taƙaitawar da Henry James Forman ya yi a 1933, wadda ta zubar da wannan taka-tsantsan ta bar tsoratarwa.

A 1934 cocin Katolika ya tayar da ƙungiyar Legion of Decency, miliyoyin mabiya suka yi alkawarin ƙaurace wa fina-finan da aka yi tir da su. A Philadelphia Kadinal Dougherty ya umarci mabiyansa su daina shiga gidan sinima ɗungurungum. Kamfanonin suka miƙa wuya. Daga Yulin 1934 babu fim ɗinsu da zai fita sai da hatimin ofishin Joseph Breen, kuma wanda ya saɓa zai biya tarar dala 25,000. A watan ne jami'an tarayya suka bindige ɗan fashin banki John Dillinger a ƙofar sinimar Biograph ta Shikago, yana fitowa daga kallon wani fim na 'yan daba, abin da ya ƙara wa masu tacewa hujja. Little Caesar da The Public Enemy suka shiga ma'ajiya, ba a sake sakin su ba sai a farkon shekarun 1950.

Hollywood ba ta yi asarar harbi ko ɗaya ba. A 1935 Cagney ya fito a G Men a matsayin jami'in hukumar bincike ta tarayya, a 1936 Robinson ya fito a Bullets or Ballots a matsayin ɗan sandan ciki. 'Yan wasan su ne dai, muryar ita ce, mashingar ita ce, sai dai yanzu mai riƙe da ita yana da katin shaidar gwamnati. Wannan ya nuna cewa tashin hankali a allo bai kasance ainihin abin da ya dami masu tacewa ba. Abin da suka kasa jurewa shi ne a nuna hukuma a matsayin mai rauni ko abar saye.

Abin da ya kawo sauyi a titi

A watan da Little Caesar ya fito, Janairun 1931, kwamitin Wickersham da Shugaba Herbert Hoover ya kafa ya miƙa rahotonsa kan dokar haramta barasa. Rahoton ya zayyana yadda ake karya dokar a fili da yadda cin hanci ya ratsa masu aiwatar da ita, amma duk da haka ya ba da shawarar a ci gaba da ita. Kafin wannan, a 1927, masanin zamantakewa Frederic Thrasher ya wallafa bincike kan dabobi 1,313 a Shikago, ya danganta su da unguwannin da hukuma ta yi watsi da su. A 1929 John Landesco ya rubuta dalla-dalla yadda 'yan siyasa da 'yan daba ke cuɗanya. Duk wannan ya riga fim ɗin fitowa. Masu mulki ba su rasa sanin tushen matsalar ba.

Matakan da suka taɓa 'yan daba na gaske daga wani wuri suka zo. A Afrilun 1931 masu zaɓe suka kayar da Thompson, Anton Cermak ya hau. A Oktoban shekarar kotun tarayya ta sami Capone da laifin ƙin biyan haraji, ta yanke masa shekara 11, domin masu binciken kuɗi sun bi takardu inda 'yan sandan birni suka kasa ko suka ƙi samun shaidar kisa. Ranar 5 ga Disamba, 1933, gyara na 21 ya soke haramcin barasa, babbar hanyar kuɗin dabobin ta toshe. A 1934 majalisa ta yi dokar da ta ɗora harajin dala 200 da rajista a kan mashinga. Adadin kashe-kashe a ƙasar ya fara sauka bayan 1933, ko da yake masana suna danganta hakan da dalilai fiye da ɗaya, kuma dabobin ba su mutu ba, sun koma caca, ƙungiyoyin ƙwadago da miyagun ƙwayoyi.

Thompson kuwa bai taɓa kwana a gidan yari ba. Da ya mutu a 1944, aka buɗe akwatunan ajiyarsa na banki aka tarar da kuɗi da takardun kadara na sama da dala miliyan ɗaya da rabi.

Sunan Rico a kundin doka

Kotun Ƙoli ta janye matsayinta a 1952, ta amince cewa fim yana da kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki. Kundin Hays ya ci gaba da raunana har aka maye gurbinsa da tsarin rarraba fina-finai bisa shekarun masu kallo a 1968. A 1983 aka sake yin Scarface tare da Al Pacino, a 2000 kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa Little Caesar cikin jerin fina-finan da ake adanawa a matsayin kayan tarihin ƙasa.

Matsalar da fim ɗin ya nuna ya bari ba warwara, wato ubangidan da ba ya taɓa makami, ta daɗe tana gagarar masu gabatar da ƙara. Dokokin da ake da su suna kama wanda ya yi harbi, amma da wuya su kai ga wanda ya ba da umarni ta bakin wani, ta bakin wani. Sai a 1970 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ba da damar gurfanar da mutum saboda tafiyar da ƙungiya ta hanyar jerin laifuka, ko da bai aikata kowanne da hannunsa ba, tare da ƙwace dukiyar da aka tara ta wannan hanya. Da ita aka ɗaure shugabannin manyan iyalan Mafiya na New York a tsakiyar shekarun 1980, kuma an yi amfani da ita a kan 'yan siyasa, alƙalai da 'yan sanda masu cin hanci.

Harufan farko na dogon sunan dokar, idan aka haɗa su, suna ba da kalmar RICO. An sha tambayar G. Robert Blakey, lauyan da ya tsara ta, ko da gangan ya yi hakan don tunawa da fim ɗin, bai taɓa amsawa da e ko a'a ba. Daga fitowar Little Caesar zuwa tsaurara tace fina-finai, shekara uku da rabi aka ɗauka. Daga fitowarsa zuwa dokar da za ta iya isa ƙofar Big Boy, shekara 39.